Shekarar da Safiya Ta Zama Baƙuwa

'Yan matan da ke zuwa neman aikin nan kusan duk magana ɗaya suke fara yi mini. Sai su leƙa falo, su ga mata huɗu zaune, na'urar sanyi tana hurawa, wata tana tsince shinkafa, wata tana kallon talabijin, su ce, "Khala Rabi, ashe dai zama ne." Nakan ce musu e, zama ne. Shekara ashirin da wani abu ina koyonsa, har yau wani lokacin yakan kuɓuce mini.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce. A wajen wata malama a lungunmu na unguwar Karantina na koyi sallah da haɗa baƙi, bokon ma a waya na ƙarasa shi da tsufana, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Gidan da nake aiki na wata jam'iyyar taimako ne a nan Jidda, su ne kafilaina, wato masu tsaya mini a wajen hukuma, su suke sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Gida ne kawai, ba asibiti ba, na manyan mata huɗu waɗanda Allah ya yi su da jinkirin fahimta tun haihuwa, iyayensu sun tsufa ko sun rasu. Mu masu aiki muna karɓa-karɓa. Abin da aka ɗauke mu mu yi shi ne mu tsaya kusa da su, su yi rayuwarsu da hannunsu.

Maɓalli ne aikina na farko. Wadda ta koya mini sana'ar, Haja Batul, Bahaushiyar Sudan ce, doguwa, Hausarta da gishirin Larabci a ciki. Ta tura ni ɗakin Safiya, ɗaya daga cikin matan, da safe, lokacin Safiya ba ta fi shekara ashirin ba, tana fama da maɓallin wuyan rigarta. Yatsunta gajeru ne, maɓallin yana zille mata. Ni kuwa da na yi shekaru ina aikatau a gidajen Larabawa, hannuna ba ya jiran umarni, sai ga shi ya miƙa. Ban san Haja Batul tana bayana ba sai da na ji mafici a kan yatsuna.

"Hannunki ya yi miki yawa, ya bitti, 'yata. Mai da shi baya."

Ta ciro carbinta ta ɗora mini a tafin hannu ta bayana, ta ce in ja ɗari, in ba a gama ba in ƙara ɗari. Na tsaya ina ja. Fanka tana juyawa a hankali, hasken taga ya faɗo kan tabarma yana rarrafe, wata tattabara tana kuka a kan akwatin na'urar sanyi a waje. Ina cikin ɗari ta huɗu maɓallin ya shiga. Safiya ta ɗago kai ta ce, "Halas," wato an gama, irin yadda magini yake faɗa in ya sa bulon ƙarshe. Da muka fito Haja Batul ta karɓe carbinta ta ce duk abin da na yi mata alhali za ta iya, ƙwace shi na yi, ko da kuwa lada nake nema.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Jan farce shi ne babba. Da shi muke ɗiga alama a jikin buta inda ruwa zai tsaya, da kan murhu inda wuta ta isa, da cikin takalmin ƙafar dama. Sai hotuna. Ba zane muke amfani da shi ba, hoton mutum da kansa muke ɗauka yana yin abin, mu liƙa a bango bi da bi: ga Safiya tana ɗauraye kofi, ga ta tana zuba ganyen shayi, ga ta tana kashe wuta. In kika liƙa hoton wata, sai su ce ai aikin waccan ne. Akwai cokali mai kaurin mariƙi, akwai agogon da muka manna wa hoton masallaci da na faranti. Sauran kuma kunne ne. Mutanen nan ba sa kawo miki magana a faranti. A gefen wata maganar suke ajiye ta, kina shara ko kina ninke kaya, in ba ki ji ba ta wuce.

Dangi ma wani karatu ne. Akwai masu zuwa da ledar alewa su cika wa mace mai shekara arba'in cinya, su yi ta tambayata, "Ta ci abinci? Tana barci?" alhali ga ta zaune tana kallon bakinsu. Nakan ce, "Ga ta nan, ku tambaye ta." Yayan Safiya, Idris, direba ne a wani gida a Abhur, shi kam ya iya. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo ya zauna, ta haɗa masa shayi, ya kurɓa ya ce, "Sukarin nan naki zai kashe ni, Hajiya." Ta ce, "To ajiye." Ya ce, "Wa ya ce miki ba na so in mutu da daɗi?" Mahaifiyarsu, Hajiya Kande, na san ta tun ina yarinya. Ba ta taɓa ɓoye Safiya a ɗaki ba kamar yadda wasu suke yi. Suna, biki, ta'aziyya, ko'ina tana riƙe da hannunta. Amma ta hore ta da tarbiyyar gidan mutane sosai, don kada a samu abin faɗa a kanta.

Sayen burodi da safe shi ne aikin da na fi tunawa a tsohon gidanmu na Karantina. Shekara biyu muka ɗauka kafin Safiya ta iya zuwa wajen mai tamis ita kaɗai, wato faffaɗan burodin nan da ake gasawa a tanderu. Da farko ina gefenta, daga baya ina bayanta da taku goma, daga baya ina leƙe ta taga. Ba ta san sunan titi ba. Hanyar a kunnenta da hancinta take. Ƙofar da ake jin keken ɗinki, sai kwanar da ake suyar masa, sai tsohon nan mai rediyo da ba ya kama tasha, sai ƙamshin tanderu. Iskar teku takan shigo lungun da laima, shanya ba ta bushewa, bangaye suna gumi kamar mutane. Ta kowace taga Hausa ce ke fitowa, ta Kano, ta Damagaram, ta Sudan, da ta 'ya'yanmu da rabinta Larabci ne. Wani lokacin in na rufe ido a motar aiki, sai in ga baƙar abayarta tana tafe a hankali a cikin wannan hasken na safe, burodin a kan tafukanta biyu kamar ta ɗauko jariri, kowa yana ce mata, "Hajiya Safiya, an tashi lafiya?"

Sai shekarar rusau ta zo. Aka fesa jan rubutu a bangon gidanmu kamar na kowa. A lokacin Haja Batul ta daɗe da komawa wajen 'ya'yanta, ni ce babba a gidan. Unguwa ta watse cikin makonni. Maƙwabta suka bazu, wasu kudu can bayan gari, wasu Makka, wasu gida Najeriya da Nijar da ba su taɓa gani ba. Mu jam'iyya ta samo mana ƙasan wani gida a arewa, hanyar Abhur. Gida mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fari fat, tayal yana ƙyalli, madafi da murhun lantarki, titi shiru sai motoci da kuliyoyi.

Ranar tarewa kuwa muka yi abin da duk 'yar mutunci za ta yi. Mun ji tausayin matan. Ni da abokiyar aikina muka riga su zuwa, muka share, muka turara, muka jera gahawa da dabino. Da motar ta sauke su muka tarbe su a bakin ƙofa: ahlan, sannunku da zuwa, ku shigo, ku zauna ku huta. Muka kawo ruwa a tire. Washegari ma muka kawo shayi a tire, don murhun sabo ne, mu kanmu ba mu gama gane shi ba. Muka ce bari su huce gajiya mako guda. Makon ya zama wata. Ni da aka doke wa yatsu da mafici, ni ce nake yawo da tire.

Sauran ukun sun ware da kansu. Ɗaya ta ƙwace tsintsiya, ɗaya ta gano inda ake ɓoye biskit. Safiya ce ba ta dawo ba. Kullum da safe sai ta sa abayarta, ta ɗora jakarta a cinya, ta zauna a bakin kujerar falo, ba ta jingina. In an kawo abinci ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. In za ta zaga sai ta tambaya. Madafi kuwa ko kallonsa ba ta yi. Na liƙa hotunanta a bango, na ɗiga jan farce a sabuwar buta, na riƙo hannunta har bakin ƙofar madafin, sai ta coge, ta yi murmushi, ta koma kujerarta. Na ce, "Safiya, gidanki ne fa." Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Khala."

Duk shekara akwai ma'aikaciyar da ke zuwa da takarda ta auna abin da kowace take iya yi wa kanta, da shi ake yanke ko za ta ci gaba da zama a ƙaramin gida irin namu, ko a kai ta babbar cibiya. Na taɓa shiga cibiyar. Akwai tsafta, akwai abinci, amma gadaje ne a jere, ana wanka bi da bi, ana kawo shayi a babban tulu, babu mai tambayarki sukari nawa. Ma'aikaciyar da ta zo a shekarar, Ustaza Nura, sabuwa ce, ba ta san Safiyar da ba. Ta zauna da takardarta ta ce, "Safiya, tashi ki haɗa mana shayi." Safiya ta ce, "La wallahi, na gode, kar ki wahalar da kanki." Ta ce ta nuna mata ɗakinta, Safiya ta sunkuyar da kai. Ina ji alƙalami yana ta ƙyas, ƙyas a layin "ba ta iyawa".

A bakin ƙofa na roƙe ta. Na ce matar nan shekara da shekaru ita ke sayo mana burodi. Ta ce, "Khala, ni abin da na gani nake rubutawa. Zan dawo bayan wata guda. In haka ne, akwai masu jiran gurbin." Idris da ya ji, ya zauna a motarsa a ƙofar gida ya daɗe bai tayar ba. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan maigidansa, ba shi da inda zai kai ta.

Ninkin kaya nake yi wata ranar bayan la'asar, mako biyu sun riga sun tafi a banza. Rana ta yi laushi, ta shigo ta labule ta kwanta a kan tayal. Safiya tana bakin kujerarta. Sai na ji ta yi ƙasa da murya, ba ta ko kalle ni ba.

"Khala, matar gidan nan ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Wace mata?"

"Tun da muka zo ba ta fito ba. Ya kamata mu yi mata sallama mu tafi. Mun daɗe. Inna ta ce ba a daɗewa."

Na ajiye zanen da ke hannuna. Sai na hango Hajiya Kande a zuciyata, Allah ya jiƙanta, tana gyara wa 'yarta mayafi a ƙofar gidan suna tana jera mata: a gidan mutane ba a shiga madafi, ba a buɗe firji, ba a cinye abinci, hannu a cinya. Safiya ba ta manta shayi ba. Mu ne muka tarbe ta da turare da dabino, muka yi ta kawo mata tire, ita kuma ta riƙe darasin da ta fi iyawa a duniya. "Gidanki ne" da nake ta faɗa mata, ai abin da kowace matar gida take faɗa wa baƙuwa ke nan.

Na nemi izinin shugabarmu ta jam'iyya in riƙa barin ta ita kaɗai na ɗan lokaci da safe, in sauran sun tafi cibiyar koyon sana'a. Ta yi jim, don sabon wuri ne, amma a rubuce yake cewa a tsohon gida ana barin ta rabin awa, sai ta yarda, da sharaɗin kada in yi nisa da ƙofa. Na sa abayata ta fita unguwa, na fesa turare, na fita na ja ƙofa, na danna ƙararrawa na yi sallama. Shiru. Ina jin numfashinta a bayan ƙofar. Rana tana dukan ƙeyata, laima ta jiƙa ni sharkaf. Na sake sallama. Sai ta ce a hankali, "Ba sa nan." Kwana uku ina yi, amsar ke nan. Ni ma na gane wautata. Ta san ni mai aiki ce, kuma baƙuwar kirki ba ta buɗe ƙofar mutane.

A mota ina komawa gida na yi ta tunanin yadda muke tarewa a Karantina. In mace ta koma sabon ɗaki, ko ɗakin kwano ne a saman bene, ba a kwana biyu sai maƙwabta sun zo ganin gida. Su shigo da 'yar ledar yaji ko kuka, su leƙa ko'ina, su ce taga ta yi ƙanƙanta, su sa albarka, su sha ruwa. Sai bayan sun tafi kike jin wurin ya zauna miki. Safiya kuwa ba wanda ya zo. Masu zuwan duk an watsa su. Idris ma tun da muka tare a mota yake ɗaukarta su zaga bakin teku, yana ganin shi ne gata.

Kwana huɗu na yi ina bugun waya kafin na gano Goggo Delu, mai suyar masar kwanar lungunmu, ƙawar Hajiya Kande. Tana wajen jikarta can kudu, ƙafa ta ƙi. Na ce mata ga inda Safiya ta tare, ba wanda ya je mata. Ta ce, "Kai, amma mun yi abin kunya." Ban ƙara mata komai ba. Idris ya roƙi rabin yini ya ɗauko ta, ni na jira su a waje.

Goggo Delu ba ta san ƙararrawa ba. Da sandarta ta bugi ƙofar.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Safiya 'yar Kande? An ce mini nan kika tare. Ke Safiya, buɗe mini, ƙafata ba ta tsayuwa."

Mukulli ya yi ƙara. Ga Safiya da jaka a hannu, baki buɗe. Goggo ta ture ta da ledar daddawa ta shige, tana ɗingishi tana leƙe-leƙe. "Masha Allah. Ashe ƙasan bene kika samu. Wannan farin tayal ɗin zai ba ki wahala, ki riƙa sa musu ido da takalma. Ina ɗakin naki? To, Allah ya sa alheri, ya sa a daɗe ana zumunci." Ta zube a kujera, daidai inda Safiya take zama, ta kama fifita da gefen mayafi. Ni ma na zauna kusa da ita, na ɗora hannuwana a cinya.

Safiya ta dubi hanyar ɗakuna, ta dube ni. Na kama kallon labule. Na'urar sanyi tana ta gurnaninta, ƙamshin daddawa ya fara cin ƙarfin ƙamshin fenti.

Goggo ta ce, "Ke, haka ake karɓar baƙi a gidanki? Tun daga bayan gari na taso, ko ruwa babu? Kande ba haka ta koya miki ba."

Safiya ta ƙara duban hanyar ɗakunan sau ɗaya. Ba wadda ta fito. Ta sunkuya ta ajiye jakar a ƙasa, ta tafi. A bakin madafi ta ɗan tsaya, sannan muka daina ganinta. Sai ƙarar durowa, wannan a buɗe a rufe, waccan a buɗe a rufe. Wani cokali ya faɗi. Ƙafata ta motsa da kanta, Goggo ta danne ta da sanda ba tare da ta kalle ni ba. Ruwa ya fara zuwa, a kofin awo na roba, don shi ta samu. Shayin da ya biyo baya da ruwan zafin famfo aka haɗa shi, ganyen yana iyo a sama, sukari kamar za a yi alewa. Goggo ta shanye tas ta ce, "Ɗan ƙaro."

Butar lantarki kwana biyar ta ɗauke mu. Murhu ya fi haka, har yanzu ido ɗaya kawai take kunnawa. Idris ya koma shan shayinsa a falo. Goggo ta baza labari, sai ga tsofaffin maƙwabta suna zuwa ɗaya-ɗaya ranar Juma'a, kowace da 'yar ledarta, wasu ma ina ganin don su ga juna ne suke zuwa.

Ranar da Ustaza Nura za ta dawo na tare ta a waje. Na ce alfarma ɗaya nake nema: ta sa takardar a jaka, ta danna ƙararrawa, ta yi sallama, kada ta ce a yi mata komai. Ta ce wannan ba ya cikin tsari. Na ce bai kuma saɓa masa ba. Ta yi dariya ta danna.

Safiya ta buɗe, babu abaya, rigar gida ce a jikinta. Ta dubi ƙafar Ustaza ta ce, "Takalmi." Ustaza ta cire. Aka zaunar da ita, aka kawo ruwa, aka tambaye ta sukari nawa, aka zuba mata yadda aka ga dama. Aka zaga da ita ta ga ɗaki da inda ake shanya. Sai da ta ga ƙasan kofi sannan ta ciro takardar, ta yi rubutunta a kan gwiwa, ta ɗago ta ce mini, "Tana nan, babu maganar cibiya." Safiya ba ta ma san ana yi ba, tana kwashe kofuna.

Ta raka Ustaza har ƙofa, ta ce ta gaida mutanen gida. Da ta juyo ta gan ni zaune, sai ta tsaya tana dubana, tiren a hannunta.

"Khala, ke ba a jiranki a gida?"

Saura awa uku a aikina. Na sa takalmina na fita, na zauna a inuwar katanga na ɗan jima, sannan na tashi na danna ƙararrawa. Mukullin gidan yana jakata har yau, doka ce in riƙe shi. Amma tun daga ranar, sai an ce mini in shigo nake shiga.